Hawan jinin ido: yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sa a gano masa shi tun da wuri

Ku ɗauki mutum biyu da suka haura shekara 40, duk su biyun ƙaramin rubutu ya fara gagararsu, sai sun nesanta waya ko Alƙur'ani da fuska kafin su iya karantawa. Na farko babban ma'aikaci ne, yana da inshorar lafiya daga ofis, shi asibitin ido zai tafi a yanka masa gilashi, to a can kafin a miƙa masa gilashin sai an auna matsin ruwan idonsa an haska ciki an duba jijiya, in da matsala nan take an gani. Na biyun manomi ne ko ɗan acaɓa ko mai tireda, shi kasuwa zai shiga wurin mai tallan gilashi, ya sa wannan ya cire ya sa wancan yana gwadawa a kan guntun jarida har ya dace da wanda yake gani da shi tar, ya biya ya yi gaba. Kuma gilashin yana aiki fa, ba ƙarya. Sai dai babu wanda ya leƙa cikin idonsa, kuma zai iya yin wasu shekara goma a haka babu wanda ya leƙa.

A nan ne ake raba hanya a maganar hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilokoma. Mai hali yawanci a bagas ake gano masa, ya je yin wani abu daban aka ci karo da ita. Talaka ba shi da wannan bagas ɗin, in bai tashi da ƙafarsa ya je ya ce a duba ba to sai ranar da ido ɗaya ya rufe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don wallahi abin yana ci min rai.

Cutar dai ga yadda take. A cikin ido akwai wani ruwa da kullum ake samar da shi kuma kullum yake fita ta wata 'yar magudana, ba hawaye ba ne, na can ciki ne. In magudanar ta daina ɗauka yadda ya kamata sai matsi ya ƙaru a cikin idon, wanda a asibiti za ka ji ana cewa firesha, wannan matsin sai ya riƙa kashe jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Irin wadda ta fi yawa a wurinmu ba ta ciwo, ba ta ja, ba ta ƙaiƙayi, ido garau kamar na kowa. Daga gefe take fara ci, tsakiya kuwa yana nan ras har kusan ƙarshe, ɗayan idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa mutum ba ya farga. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje lafiya lau. Kuma abin da ya mutu na jijiyar nan ya tafi kenan, babu ɗigo babu tiyata babu ƙasar wajen da za ta dawo da shi, abin da ake yi kawai shi ne a tsare wanda ya rage. Kar kuma wani ya ce ai ni an auna jinina a kemis lafiya lau, awon hannu daban awon ido daban.

An yi babban binciken makanta na ƙasa a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 a kan 'yan shekara 40 zuwa sama. Abin da ya fito shi ne kusan mutum 1 cikin 20 na da wannan cuta, cikin masu ita ɗin kuma waɗanda suka san suna da ita ba su wuce kamar 6 cikin 100 ba, sannan 1 cikin 5 ya riga ya makance. Ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta da suka bi alƙaluman nan daki-daki sun nuna cewa a cikin masu cutar, marasa hali sun fi faɗawa makanta. Ko a Ingila da ganin likita kyauta ne, wani bincike na 2001 ya nuna mutanen unguwannin talakawa sun fi zuwa a makare. Kenan ba kuɗin kati kaɗai ba ne, akwai kuɗin mota, akwai yinin da za ka rasa a kasuwa ko gona, akwai rashin wanda zai gaya maka tun farko, akwai kuma kwarjinin asibiti da ke sa mutum ya kasa buɗe baki gaban likita.

To yanzu me za a yi.

Abu na farko ka san ko kana cikin waɗanda ya kamata su je ba tare da jiran alama ba. In ka kai 40 kana ciki, mace ko namiji, domin mu baƙar fata ta fi kama mu da wuri kuma ta fi yi mana illa. In a gidanku akwai wanda ya makance ko aka ce yana da ita, musamman uwa ko uba ko wanda kuke ciki ɗaya, kar ma ka jira 40 ɗin. Kuma a nan sai ka yi tambaya da kyau, saboda a gidajenmu ba a cewa gilokoma ce ta kama Kaka, cewa ake yi tsufa ne, ko jifa aka yi mata, ko kawai idonta ya tafi. Ka tambayi manya, Kaka da ta makance idon nata fari ya yi ko kuwa baƙi ne garau amma ba ta gani? In garau ne to ka sa alamar tambaya. Mai ciwon suga yana ciki, wanda aka taɓa bugewa a ido yana ciki ko da shekaru sun wuce, haka wanda masu maganin gargajiya suka taɓa tura masa yanar ido da tsinke ko allura, wannan aikin yana jawo hawan matsi daga baya.

Sai kuma masu ɗigon kemis, wannan kam ina so iyaye mata su ji da kyau. Yaro na fama da ƙaiƙayin ido lokacin zafi da ƙura, a je kemis a karɓo ɗigo, a ɗiga, kwana biyu ido ya yi fes, shikenan an samu magani, duk lokacin da ya motsa a koma a sayo irinsa har shekara biyu uku. Ku ɗauko kwalbar ku duba, in an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone a jiki to ba maganin da ake ɗigawa kai tsaye ba ne babu likita, yana iya tayar da matsin ido ya kashe jijiyar yaro ɗan makaranta. Mai hali likita ne ke rubuta wa ɗansa ya kuma ce a dawo a auna, talaka shi yaron kemis ne likitansa. In an daɗe ana amfani da shi ku kai yaron asibitin ido tare da kwalbar.

Ina za a je? Inda akwai likitan ido ko ƙwararren mai awon ido da na'ura. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da asibitin Makkah da sashen ido na asibitin koyarwa na Aminu Kano da na asibitin Murtala, a Zariya akwai Shika, haka asibitocin koyarwa na Sakkwato da Bauchi da Maiduguri duk suna da sashen ido. In ka yi nisa da waɗannan ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai ka tambayi nas ɗin ido, ko ba su da duk kayan aiki za su iya ba ka takardar turawa, kuma takardar tana rage maka yawo. Ka kuma sa ido a watan Maris, a cikinsa ake makon gilokoma na duniya, da Alhamis ta biyu ta watan Oktoba ranar gani ta duniya, asibitoci da dama kan yi awo kyauta a lokutan nan kuma ana sanarwa a rediyo.

Amma aikin ido kyauta da ake kawowa ƙauyuka, na 'yan siyasa ko na ƙungiyoyi, a yi hattara da fahimtarsa. Alheri ne babba, sai dai yawanci yanar ido suke nema da masu buƙatar gilashi, mutane ɗaruruwa a layi, in ka karanta allon haruffa daidai sai a ce ka wuce. Mai gilokoma kuwa yana iya karanta allon nan har layin ƙasa alhali rabin jijiyarsa ta tafi. Don haka ka tambaya da bakinka, Malam an auna min firesha? An duba jijiyar? In ba a yi ba to ba a duba ka ba tukuna a wannan fannin.

Ranar zuwa asibiti ka yi sammako, ka tafi da kuɗin kati da ɗan abin da ya sawwaƙa na gwaji, ka zuba duk kwalaben da ka taɓa ɗigawa a leda ka tafi da su. Ka tafi da ɗan rakiya, kar ka hau babur da kanka, saboda akwai ɗigon da ake sawa don buɗe ƙwayar ido wanda zai sa ka ga dishi-dishi rana ta riƙa kashe maka ido na wasu awanni, mutane da yawa suna tsorata su ce asibiti ya ɓata musu ido, a'a sakewa yake yi da kansa. In an kira ka ka faɗi abin da ya kawo ka kai tsaye, ranka ya daɗe na zo a duba ni hawan jinin ido ne, mahaifina ya makance. Wannan jimlar kaɗai tana canza yadda za a duba ka.

Abubuwan da za a yi ba masu zafi ba ne. Za a auna matsin, ko dai da na'urar da ke hura iska fuf a ido ko kuma a ɗiga maganin kashe zafi a ɗan taɓa idon da wani ɗan kai mai shuɗin haske, lamba ce ke fitowa, yawancin masu lafiya tsakanin 10 ne da 21. Sai dai lambar kaɗai ba ta isa ba, akwai masu cutar da lambarsu ba ta wuce 21 ba, akwai kuma waɗanda tasu ta ɗan haura amma jijiya lafiya. Shi ya sa dole a haska a kalli kan jijiyar. In likita ya yi shakka sai ya tura ka gwajin faɗin gani, za ka ɗora haɓa a kan wata na'ura mai kama da ƙwarya, a rufe ido ɗaya, ka kafa ido a ɗigon haske na tsakiya, a ba ka wani ɗan abu a hannu, duk lokacin da ka ga wani haske ya ƙyafta a gefe ka danna. Kar ka bi hasken da ido, kar ka danna don ka burge mai gwajin, wanda ba ka gani ba ka bar shi, ai shi ake nema. Ba ya buƙatar boko ko kaɗan, Inna da ba ta taɓa shiga aji ba ma tana iya yin shi in an yi mata bayani da Hausa, kuma haƙƙinta ne a yi mata. Akwai kuma hoton jijiya da ake kira OCT, shi ya fi tsada kuma ba ko'ina ake da shi ba, in kuɗinka bai kai ba ka tambayi likita wanne ne dole yau wanne zai iya jira.

Kafin ka fito ka roƙi a rubuta maka lambar kowane ido a takarda, dama nawa hagu nawa, da kwanan wata, ka adana ko ka ɗauki hotonta a waya. Mai hali fayil ɗinsa na wuri ɗaya likitansa ɗaya, kai kuwa yau kana nan gobe kana can, takardar nan ita ce tarihinka. Ka kuma yi tambaya uku ko da kana jin nauyi, cutar ta kai ina, lamba nawa ake so matsin ya sauka, yaushe zan dawo.

Yanzu maganar kuɗin magani, wadda a ganina a nan aka fi yin asarar idanu. Likita ya rubuta ɗigo, mutum ya ce to na gode, ya fita ya je kantin magani ya ji kuɗin, ya ninke takardar ya sa a aljihu ya hau mota, shikenan ba a sake ganinsa sai bayan shekara biyu ana jansa da sanda. Ko ya sayi kwalba ɗaya ta ƙare ya ce ai na sha maganin ban ga canji ba. Ɗigon gilokoma ba a ganin canjinsa, aikinsa ya hana abin ƙaruwa, kuma na har abada ne, kwalba ta ƙare a sayi wata. To mutumin da mafi ƙarancin albashi ma naira 70,000 ne a doka, da yawa ko hakan ba sa samu, in ka ɗora masa kwalba biyu uku duk wata ga abinci ga kuɗin makaranta, ka san inda za a ƙare. Don haka ka faɗi gaskiya tun kana kan kujerar, likita ƙarfina bai kai wannan duk wata ba. Ba abin kunya ba ne, bayani ne da yake buƙata kamar yadda yake buƙatar lambar fireshan. Akwai timolol da ya fi sauƙin kuɗi, sai dai in kana da asma ko ciwon zuciya dole ka faɗa domin yana iya tayar da su. Akwai latanoprost da ake ɗigawa sau ɗaya da dare, ya fi tsada kuma ba ya son zafi. Shi likitan zai zaɓa, amma da saninsa da aljihunka.

Kuma in ya kawo maganar tiyata ko leza, wato aikin ido da ake yi da hasken na'ura, kar ka zabura. Na san abin da ake faɗa a gari, wane an yi masa aiki bai gani ba. Gaskiya ne bai gani ba, saboda aikin gilokoma ba irin na yanar ido ba ne da ake cire bandeji mutum ya yi kabbara, shi sabuwar hanya ake buɗe wa ruwan don a tsare sauran ganin, kuma da yawa sai da abin ya kusa ƙarewa suka yarda. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Bauchi ya nuna haka, mutane na zuwa a makare kuma kaɗan ne ƙwarai ke yarda da aikin. Ni dai ra'ayina, ga wanda ke ƙauye nesa da kantin magani na kirki kuma kuɗi ba kullum ba, aiki sau ɗaya sau da yawa ya fi masa rufin asiri a kan kwalbar da wata uku tana nan wata biyu babu. A Tanzaniya ma an gwada leza da timolol a asibitin Moshi, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna lezar ta fi riƙe matsin. Ka tambaya ko ana yi a inda kake ko za a iya tura ka, ka kuma tambayi haɗarin aikin da sau nawa za ka dawo bayansa, don dawowar nan wajibi ce.

Wajen neman sauƙi, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ka tambayi inda yake ka kai kukanka. Akwai hukumomin inshorar lafiya na jihohi kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ba na ma'aikata kaɗai ba ne, ka je ka tambaya ka kuma tambayi takamaimai ko ɗigon ido na ciki. In 'ya'ya ne ke ɗaukar nauyin tsoho, ku raba watanni a tsakaninku kowa ya san nasa, ku sayi sabuwa tun tsohuwar ba ta ƙare ba. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Yadda ake ɗigawa ma yana ceton kuɗi. Ɗigo ɗaya tak ya isa, na biyun a kumatu yake ƙarewa. Ka wanke hannu, ka ɗaga kai, ka ja fatar ƙasan ido da yatsa ka ɗiga a cikin ɗan aljihun, kar bakin kwalbar ya taɓa ido, sai ka rufe idon ka danne kusurwar da ke jikin hanci na minti ɗaya zuwa biyu. In kala biyu ne ka bar minti 5 a tsakani. Ka haɗa lokacin da sallah don kar ka manta, asuba da magariba ko isha'i. Da azumi kar a ajiye magani wata guda, yawanci ana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan shan ruwa, ka tambayi likita ya tsara maka, hukuncin ɗigawa da rana kuma ka tambayi malaminka. Wanda ba shi da firji ko wuta ya ajiye kwalbar a wuri mai sanyi gindin randa, ba aljihun riga ko cikin mota ba.

Maza, don Allah matanku da iyayenku mata. Mace sai ta nemi izini, sai ta nemi kuɗin mota, sai ta nemi mai rakiya, sau da yawa sai ta haƙura ta yi shiru don kar ta ɗora wa ɗanta nauyi. In ka ga Hajiya ta fara karo da bakin ƙofa, tana tuntuɓe da buta, ana miƙo mata abu ta gefe ba ta gani sai an yi magana, ko Baba ya daina tsallaka titi shi kaɗai saboda Keke Napep na fito masa ba zato, kar a ce tsufa ne a bar shi nan. A kai su cikin satin. Ko ido ɗaya ya riga ya tafi akwai ɗayan da za a tsare.

Akwai kuma iri biyu da ba sa jiran sati. In ido ya tashi da ciwo mai tsanani farat ɗaya, ya yi ja, gani ya dushe, mutum na ganin zobe kala-kala a kewayen ƙwan fitila ga ciwon kai har da amai, wannan a ranar ake zuwa asibiti ko da dare ne, don cikin 'yan kwanaki ido na iya tafiya. Na biyu jariri mai manyan idanu fiye da kima, kullum hawaye, baƙin idon ya yi hazo-hazo, yana ɓoye fuska in an fito da shi haske, dangi na ta yaba dara-daran idanu alhali matsi ne ke buɗa su. Shi aiki ake yi masa, kuma da wuri.

In an duba ka an ce lafiya lau, ka koma bayan shekara ɗaya ko biyu, in akwai ta a gidanku duk shekara. In kuwa an ce kana da ita, kafin ka bar harabar asibitin ka kira yayyenka da ƙannenka ka gaya musu su ma su je, haka 'ya'yanka da suka girma, ka faɗa musu sunan cutar da sunan asibitin da ranar da ake ganin masu ita. In kuma ranar komawarka ta wuce saboda babu kuɗin mota, duk ranar da ka samu ka je da katinka da takardar lambobin nan, ka ce ga dalilin da ya hana ka zuwa a sake auna ka.